Tsakanin Tayi da Sallama

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Maigatari ranar Alhamis ya san ciniki gaɓa biyu gare shi. Akwai tayi, inda mai saye zai faɗi kuɗinsa, dillali ya kai ya kawo, a duba haƙoran bijimi, a shafa tozonsa, a ƙara, a rage. Sannan akwai kalmar ƙarshe, wadda ba ta kowa ba ce sai mai dabba: ko ya ce albarka ya ja igiyarsa, ko ya ce ya sallama. In aka hana mutum zama wurin tayi, aka kira shi a ƙarshe don ya amsa kawai, an tauye shi. In kuma aka bar shi ya zauna ya yi ta magana har la'asar, amma dillali ya juya baya ya sallama a madadinsa, shi ma an tauye shi.

Wannan kasuwa nake tunawa duk lokacin da aka tayar da maganar gyaran kundin tsarin mulki. A rumfa ɗaya za ka ga mutumin Sule Tankarkar da mutumin Dungas a kan tabarma guda, harshensu ɗaya, geronsu ɗaya, wataƙila ma kakarsu ɗaya. Ai fadar Gumel kanta a Tumbi take, cikin ƙasar Nijar ta yau, kafin a dawo da ita inda take yanzu wajen 1845. Amma in rana ta faɗi, kowannensu zai koma ƙarƙashin dokar ƙasar da ba irin ta ɗan'uwansa ba, kuma yadda aka tambaye su game da wannan doka ya sha bamban. A Nijeriya ana kiran taro a ce an zo jin ra'ayin jama'a, sannan a kwashe takardun a tafi wani wuri a yanke hukunci. A Nijar an saba rubuta kundin a Yamai, sannan a kawo akwati a ce kowa ya jefa i ko a'a. Mu an ba mu tayi an riƙe sallama, su an ba su sallama ba su ga tayi ba. Wanne ne a ciki ya fi kusa da a ce talaka ya sa hannu a dokar da take mulkinsa?

Namu salon ya girmi yadda mutane suke zato. Tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946 ya sha suka saboda ba a shawarci kowa ba kafin a ƙaƙaba shi. Da Macpherson ya gaje shi a 1948 sai ya sake hanya. A 1949 aka fitar da tambayoyi, aka ce a tattauna su tun daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa lardi, daga lardi zuwa jiha, kafin babban taron Ibadan na Janairun 1950. Gumel tana cikin Lardin Kano a lokacin, ita da Haɗeja da Kazaure. A kan takarda, tsari ne mai kyau, kuma sai da aka shafe shekara sittin da wani abu kafin a sake yin wanda ya sauko ƙasa kamarsa. Sai dai hanyar da maganar ta bi a Arewa hanyar En'e ce: daga bulama zuwa hakimi, daga hakimi zuwa sarki, daga sarki zuwa Razdan. Talakan wancan zamani ba ya musa wa hakimi a bainar jama'a, mace kuwa ba a ma lissafa da ita, don matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976.

Abin da ya fito daga Arewa da ƙarfi a Ibadan shi ne neman rabin kujerun majalisar tsakiya, wanda Sarkin Zazzau ya tsaya a kai, Sarkin Katsina ya mara masa baya, kuma aka samu. Buƙata ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma abin da yake ci wa manomin Gagarawa tuwo a ƙwarya, wato haraji da jangali da aikin tilas da zaluncin wasu ma'aikatan En'e, bai hau wannan tsani ba. Ta wata ƙofa ya ɓullo, wata bakwai bayan taron: a Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, a cikin watan kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. In wanda ake kuka da shi ne zai ɗauki kukan ya kai gaba, ba a rasa abin da zai zube a hanya.

Zagaye na biyu ya fi wannan armashi. A Oktoban 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin mutum 50 don su rubuta daftari. Cif Obafemi Awolowo ya ƙi shiga, suka rage 49, babu mace ko ɗaya. Cif Rotimi Williams ne shugaba, Malam Aminu Kano yana ciki, haka Dokta Yusufu Bala Usman, wanda shi da Dokta Segun Osoba suka ƙi bin masu rinjaye suka rubuta nasu rahoton daban. Daftarin ya fito a 1976, aka shafe kusan shekara ana tafka muhawara a jaridu da rediyo da jami'o'i. A Oktoban 1977 majalisar tsara kundin ta zauna a Legas ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, kuma mafi yawan wakilanta majalisun ƙananan hukumomi ne suka zaɓo su. An yi gardama mai zafi, musamman kan kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren a Afrilun 1978 kafin a shawo kansu su dawo. Wannan tayi ne na gaske, an ji bakin mutane, an ja an saki. Amma da aka miƙa aikin ga Majalisar Ƙoli ta Soja ƙarƙashin Janar Olusegun Obasanjo, sai ta yi nata gyare-gyaren, ta ɗauki wasu dokokinta ta ɗinke su a jikin kundin yadda ba za a iya taɓa su cikin sauƙi ba. Ɗaya daga ciki ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta Maris 1978.

A nan nake so mutumin Gumel ya tsaya ya duba da kyau, don wannan ba labarin Legas ba ne. Dokar ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon karɓe gona in an ce don amfanin jama'a ne, diyya kuma a kan abin da aka shuka ko aka gina ake biyanta, ba a kan darajar ƙasar kanta ba. Gaskiya ne cewa Arewa ta saba da irin wannan tun dokar Turawa ta 1910, da kuma dokar 1962. Abin da ya sabunta shi ne kulle ta da aka yi. Har yau tana nan a sashe na 315 na kundin 1999, kuma ba a gyara ko kalma ɗaya a cikinta sai an bi duk matakan gyaran kundin. Lokacin da maganar ba wa wani kamfani dubban hektoci don noman rake ta tashi a Gagarawa da maƙwabtanta, manoma suka yi ta kai kuka kan gonakin da suka gada kaka da kakanni, wannan dokar ce suka tarar a gabansu. Ba ina cewa kada a kawo masana'anta ba. Yankinmu yana buƙatar aikin yi ƙwarai. Abin da nake cewa shi ne, sharaɗin da aka yi cinikin a kansa an kulle shi tun 1978, a ɗakin da babu wakilin manomi ko ɗaya.

Abin da ya biyo baya maimaici ne. Janar Babangida ya kafa ofishin tattara ra'ayi a 1986 ƙarƙashin Dokta Samuel Cookey, mutane suka aika takardu sama da 27,000, kundin 1989 da aka haifa bai taɓa yin aiki gaba ɗayansa ba. Taron Janar Abacha na 1994 zuwa 1995 ya rubuta daftari, aka ajiye. Taron 2005 da na 2014, mai wakilai 492 ƙarƙashin Mai Shari'a Idris Kutigi, su ma rahotonsu yana kan kanta. Shi kuwa kundin da muke ƙarƙashinsa yau, a Nuwamban 1998 Janar Abdulsalami Abubakar ya kafa kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi, aka ba su ƙasa da wata biyu su zaga ƙasar nan. An yi zaɓen gwamnoni a Janairun 1999, na shugaban ƙasa a Fabrairu, alhali waɗanda ake zaɓa ba su ga kundin da za su rantse da shi ba. Sai ranar 5 ga Mayu aka sa masa hannu a matsayin dokar soja mai lamba 24, ya fara aiki ranar 29 ga wata. Gabatarwarsa tana faɗa da bakinmu cewa mu al'ummar Nijeriya ne muka yi wa kanmu shi, kuma wannan jimla ce ta fi ci wa masu sukarsa rai.

Sau ɗaya na ga an yi yunƙurin da ya cancanci yabo. Ranar 10 ga Nuwamban 2012, zamanin da Aminu Waziri Tambuwal yake kakakin Majalisar Wakilai, Emeka Ihedioha yake mataimakinsa, aka shirya zaman jama'a a mazaɓun tarayya 360 a rana guda, da tambayoyi 43 da za a amsa. Mazaɓar Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Gagarawa ɗaya ce daga cikin 360 ɗin nan. Da aka tattara sakamakon ƙasa baki ɗaya, mazaɓu masu rinjaye sosai sun ce a soke asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuɗin ƙaramar hukuma ya riƙa zuwa mata kai tsaye. Ba sai an yi wa mutumin karkara bayanin wannan ba. Ya san rijiyar burtsatse da ta lalace, ya san asibitin sha-ka-tafi da babu magani, ya san amsar da ciyaman yake bayarwa in an tambaye shi. Majalisar tarayya ta amince. Amma sashe na 9 ya ce sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda, su kuwa suka yi watsi da wannan gyara. Ragowar gyare-gyaren ma Shugaba Jonathan ya ƙi sa musu hannu a Afrilun 2015. An sake gwada maganar ƙananan hukumomi, ta sake faɗuwa a majalisun jihohi a farkon 2023. Sai ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a biya ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Kusan shekara goma sha biyu ke nan tsakanin ranar da jama'a suka faɗa da ranar da alƙalai suka maimaita.

A duk tarihin nan, ba a taɓa ɗora kundin tsarin mulkin Nijeriya a gaban masu zaɓe ba. An yi ƙuri'ar raba gardama a Arewacin Kamaru a 1961, an yi ta ƙirƙiro Jihar Tsakiyar Yamma a 1963, amma a kan kundi, ko sau ɗaya.

To, mu tsallaka iyaka. Can ma akwai lokacin da aka yi tayi, kuma da jini aka saye shi. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai a gadar Kennedy a Yamai. Fushin da ya biyo baya, da yajin aikin ƙungiyar ƙwadago, su suka tilasta wa Janar Ali Saibou yarda da jam'iyyu da yawa da kuma babban taron ƙasa. Da aka kafa kwamitin shirya taron aka ga mace ɗaya ce tak a ciki, sai dubban mata suka fito kan titi ranar 13 ga Mayun 1991 har aka ƙara musu kujeru. Shi ya sa har yau ranar ce ranar matan Nijar. Ka gwada wannan da mutum 49 namu na 1975. Taron ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, da wakilai kimanin 1,200, ƙarƙashin Farfesa André Salifou, ɗan Damagaram. Abin da ya bambanta shi da duk tarukanmu shi ne ya ayyana cewa ikon ƙasa yana hannunsa, ya rage wa shugaban ƙasa ƙarfi, ya naɗa Amadou Cheiffou firaminista na riƙon ƙwarya. Babu wata majalisar soja a bayan labule da za ta gyara abin da ya yanke. Ina jinjina wa wannan taro. Amma masu ƙarfin murya a zauren su ne 'yan ƙwadago da ɗalibai da sababbin jam'iyyu, mutanen birni masu Faransanci. Manomin Magarya ya shigo labarin ne ranar 26 ga Disamban 1992, ranar da aka kawo masa akwati.

Ya jefa i, shi da kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka fito. Kundin ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista irin na Faransa, bai fayyace abin da za a yi ba in su biyun suka fito daga ɓangarorin da ba sa ga maciji. Hakan kuwa ta faru a 1995, tsakanin Shugaba Mahamane Ousmane da Firaminista Hama Amadou, aka yi ta ja-in-ja kan naɗe-naɗe da zaman majalisar ministoci har gwamnati ta tsaya cik. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanal Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka. Wanda ya jefa i a Dungas ba wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa kan wannan gaɓa da ta rusa jamhuriyar. An tambaye shi kan littafin ne dungurungum, cinikin biri a sama.

Daga nan akwatin ya zama al'ada. Baré ya kawo nasa kundin a Mayun 1996, aka ce i. Bayan kashe shi a Afrilun 1999, sojojin Daouda Malam Wanké suka kawo wani a Yuli, wanda ya koma ga tsarin da na Baré ya rushe, aka ce i, ko da yake waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba. Na Tandja Mamadou a Agustan 2009, i. Na sojojin Salou Djibo ranar 31 ga Oktoban 2010, i. Kundi biyar cikin shekara goma sha takwas, wasu suna warware wasu, kowanne kuma ya sami kashi 90 ko kusa da haka. Ba zai yiwu a ce mutane ɗaya sun so abu da kishiyarsa da zuciya ɗaya ba. Abin da na fahimta shi ne, sau da yawa ba kundin ake jefa wa ƙuri'a ba. Ana jefa wa fatan soja su koma bariki ne, ko fatan a zauna lafiya, ko kuma wanda yake riƙe da gwamnati ne ya shirya zaɓen, 'yan adawa suka ƙaurace.

Kalma ɗaya ta Hausa ta isa ta gwada mana hanyoyin biyu: tazarce. A 2006 aka so a gyara kundin Nijeriya don Obasanjo ya yi wa'adi na uku. Maganar ta je Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani, aka nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya miƙe ya yi magana yana sane mutanen mazaɓarsa suna kallonsa. Ranar 16 ga Mayu aka binne ƙudurin, tare da wasu gyare-gyare sama da ɗari da aka ɗaure a jikinsa. Shekara uku bayan haka Tandja ya nemi nasa tazarcen. Majalisar dokoki ba ta ba shi hanya ba, ya rushe ta. Kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ce abin ya saɓa doka, ita ma ya rushe ta. Sannan ya kai maganar gaban talakawa kai tsaye ranar 4 ga Agustan 2009, aka sanar da kashi 92 sun amince. Wata shida da 'yan kwanaki bayan nan, ranar 18 ga Fabrairun 2010, soja suka ɗauke shi daga fadarsa. A wuri ɗaya magana a fili, gaɓa-gaɓa, da sunan kowa a kan abin da ya faɗa, ta tare tazarce. A ɗayan, akwatin da aka ce na talaka ne shi aka yi amfani da shi aka tsallake majalisa da kotu.

Saboda haka, in aka matsa mini in ɗauki ɗaya, tayi zan ɗauka. Kundin Nijar na 2010 sashe 185 gare shi, namu 320. Babu yadda kalma ɗaya za ta ɗauki ra'ayin mutum kan wannan duka. Mai son sashen ilimi da ƙin sashen ƙasa, me zai jefa? Tayi kuma yana barin sawu. Abin da aka faɗa a 2012 bai mutu ba, ya yi ta yawo a bakin mutane har ya isa kotu. Matasan da suka dage kan rage shekarun tsayawa takara sun bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya har Shugaba Buhari ya sa hannu a Mayun 2018. Ƙuri'ar i ko a'a kuwa adadi kawai take bari, ba ta gaya wa na baya dalilin da ya sa aka yarda ko aka ƙi.

Amma ba zan yaudari kaina ba. Tayin da babu sallama a bayansa yana gajiyar da mutane. In ka kira dattijo sau uku ya bar gonarsa ya zo ya yi magana, sau uku yana ganin maganar ta ɓace tsakanin Dutse da Abuja, kira na huɗu ba zai zo ba, kuma yana da gaskiya. A nan ne abin da ya faru a Kenya yake da amfani gare mu. Sun yi shekaru suna tattara ra'ayi, babban taro ya fitar da daftari, sai gwamnatin Mwai Kibaki ta ɗauka ta sake masa fasali, kamar yadda sojojinmu suka yi a 1978. Bambancin shi ne dole ta mayar da shi gaban jama'a. A Nuwamban 2005 kusan kashi 58 suka ce a'a. Da aka sake zama aka gyara, a Agustan 2010 kimanin kashi biyu cikin uku suka amince. Ashe amfanin sallama ba a ranar jefa ƙuri'a yake ba. Amfaninta tsoron da take sa wa dillali ne tun ana tayi, don ya san mai dabba zai iya cewa albarka. Da majalisun jihohinmu sun san abin da suka cire zai koma gaban mutanen da suka nema, da sun yi tunani sau biyu. Amma a'a ba ta da ƙarfi sai a bakin wanda ya san abin da aka canza, shi kuwa ba zai sani ba sai ya zauna wurin tayi.

Akwai masu cewa, ai kundin 1999 da ba a tambayi kowa ba ya haura shekara ashirin da biyar, alhali na Nijar da aka jefa wa ƙuri'a duk sun faɗi. Me ya sa za a wahalar da kai? Ban yarda da wannan ba. Daɗewar namu ta fi alaƙa da yadda manya suka daidaita rabon mulki da na kuɗin man fetur a tsakaninsu fiye da son da talaka yake masa. Kundin 1979, da duk muhawarar da aka yi a kansa, shekara huɗu da wata uku ya yi, kuma da soja suka ture shi ranar 31 ga Disamban 1983 mutane da yawa murna suka yi. A Yamai ma, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, taron da ya cika tituna na goyon bayan soja ne, ba na kare kundin 2010 ba. Mu nan mun ji wannan juyi a aljihunmu, don an rufe iyaka wata da watanni, kasuwar Maigatari ta yi sanyi. A ɓangarorin biyu, littafin ya faɗi ba tare da talaka ya ji an taɓa kayansa ba.

Ina ganin babban dalili harshe ne. Yaya mutum zai kare abin da bai taɓa jin an karanta masa ba? Afirka ta Kudu ba ta yi ƙuri'ar raba gardama kan kundinta na 1996 ba, amma majalisar da Cyril Ramaphosa ya jagoranta ta karɓi saƙonni da sa hannun jama'a kusan miliyan biyu, kotun tsarin mulki ta mayar da rubutun farko aka gyara, sannan aka buga miliyoyin kwafi cikin harsuna goma sha ɗaya aka raba. Namu da Turancin lauyoyi yake. Sashe na 55 ya ce majalisar tarayya za ta iya aiki da Hausa da Ibo da Yarabanci in an yi tanadi, tanadin kuwa har yau ana jira. Nijar ta ɗan fi mu a nan, don kundin 2010 ya ɗora wa gwamnati nauyin fassara shi cikin harsunan ƙasa. Dokar da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu a Maris 2025 ma ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Sai dai ita wannan doka ba ta bi ta akwati ba. Taron wakilai aka yi a Yamai a Fabrairu, soja ya sa hannu. Wato maƙwabtanmu sun ajiye sallamar da suke da ita sun ɗauki irin hanyarmu ta da, kuma wannan bai faranta mini rai ba.

Abin da nake nema wa yankinmu ba mai tsada ba ne. In za a sake taɓa kundin, a karanta gyare-gyaren da Hausa a rediyo, sashe-sashe, makonni kafin zama, a buga su da boko da ajami. A zauna a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar kowacce daban, a lokacin rani bayan an kai amfanin gona gida, mata su sami nasu zaman a lokacin da za su iya fitowa, Fulanin da ke rugage a aika musu. Abin da aka faɗa a rubuta a manna a ƙofar sakatariya, in ɗan majalisa ya dawo daga Dutse ko Abuja ya tsaya a wurin ya faɗi yadda ya jefa ƙuri'arsa kan kowane batu. Sannan a gyara sashe na 9 yadda manyan gyare-gyare za su komo gaban masu zaɓe, kowane batu da tambayarsa, ba a ɗaure su a dami ɗaya ba.

A Yulin 2025 kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Barau Jibrin ya yi zaman jin ra'ayin shiyyar Arewa maso Yamma a Kano, jihohi bakwai a zaure ɗaya. Daga Gumel zuwa Kano kimanin kilomita 120 ne. Manomin Gagarawa da yake da magana kan sashe na 315 sai ya nemi kuɗin mota zuwa da dawowa, ya nemi wanda zai rubuta masa takarda, ya sami wanda zai shigar da shi zauren. Yuli kuwa tsakiyar damina ne, gero ya kai gwiwa, ciyawa ba ta jiran kowa.